Za Mu Gyara, Ki Dawo Litinin

Yaya,

Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Umma?

Ni lafiya lau, takardar zamana ce kawai za ta ƙare nan da kwana tara. A ofishin sabuntawa suna da wata kalmar Turanci ta gyara, wadda suke faɗa da murmushi ko famfo ne ya lalace ko rayuwar mutum. Sau huɗu ma'aikaciyar tana ce mini, "Za mu gyara, ki dawo Litinin." Jiya na hango fayil ɗina a ƙarƙashin kofin shayinta.

Kada ki gaya wa Umma. Keken ɗinkin da za ki saka a ɗakina kuwa, ki ɗan dakata tukuna.

Allah ya bar zumunci.

Autarku