Da Butar Alwalata Aka Yi Wa Yaron Baftisma

Malama Taiba, ina gaisuwa, ina ban gajiya. Don Allah ki taimake ni, abin da ke cikin raina ya hana ni cin abinci, kuma ban iya faɗa wa kowa a gida.

Mu mutanen Maradun ne. Da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonarmu sai muka dawo Talata Mafara, maigidana yana karantar da yara a zaure. Katanga ɗaya ta raba mu da wata Kirista, Regina, mijinta yana tuƙa katafila wurin aikin dam. Tun zuwanmu ban ga sharri gare ta ba. Ita ta nuna mini rijiya, in na yi fura ina aika mata.

Kwanan baya ƙyanda ta kama jaririnta, Markus. Ran nan na ɗauki buta zan yi alwalar azahar sai na ji kukanta. Na shiga da butar a hannu, na tarar idon yaro ya kafe. Maza duk suna wurin aiki. Ta ce ba a yi mishi baftisma ba, Fada, limamin cocinsu, yana Gusau, amma a addininsu in rai ya kai haka uwa ma tana iya yi. Ta miƙa mini yaron, ta karɓi butata, ta zuba mishi ruwa a ka tana cewa da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Malama, kin san yadda aka tashe mu, ba a yin addu'a gabanka ka yi shiru. Kafin in ankara bakina ya ce amin.

Ni da na sauke Alƙur'ani, nake karanta Ƙulhuwa kowace salla, bai haifa ba, ba a haife Shi ba. Daga baya na tambaye ta, ta rantse ba alloli uku suke bauta wa ba, Allah ɗaya ne cikin uku. Ban gane ba, kuma ina tsoron in tsaya yin tunanin.

Yaron ya tashi, Allah Ya ba shi lafiya. Yanzu Regina tana ce mini uwar baftismarsa, ni kuwa in na ji takunta sai in shige ɗaka. Butar na ɓoye ta bayan randa. Shin na yi shirka? Sallolina suna karɓuwa? Na taɓa ji ana cewa wadda ta fita Musulunci aurenta ya warware, ga shi ina zaune ɗakin bawan Allah bai san komi ba.

Mai Neman Tsari, Talata Mafara

Mai Neman Tsari, Allah Ya sanyaya miki.

Ki fara cin abinci tukuna. Malamai sun bambanta abin da zuciya ta ƙudurta da abin da ya kuɓuce wa baki cikin firgita. Kin shiga ɗakin nan ne don ceton yaro, ba don sauya addini ba, kuma wannan tsoron naki shaida ne cewa tauhidinki yana nan. Ki yi istigfari, ki maimaita kalmar shahada, ki ci gaba da sallarki. Buta kuwa ba ta yin ridda, ki ɗauko ta ki yi alwala.

Kan maganar Regina, gaskiya ta faɗa miki game da abin da suka yi imani da shi: su a wurinsu Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba alloli uku ba ne. Mu Musulmi ba mu karɓi wannan ba, nan muka rabu da su, kuma ba sai kin warware shi kafin ki zauna lafiya da maƙwabciya ba. Ki duba nata gefen ma: uwa ce ta ga ɗanta zai mutu, ta miƙa shi ga wadda ta fi amince wa. Sunan da take kiranki girmamawa ce, ba tarko ba. Sai dai kina da haƙƙin ki ce mata cikin ladabi addininki bai ba ki wannan matsayin ba, ta kira ki innar Markus, ya isa. Gaba in ta yi addu'arta, ki ce Allah Ya ba da lafiya.

Maigidanki malami ne, ki gaya mishi da bakinki, don ɓoyon ya fi abin da ya faru cin ranki. In ya yi shakka, ku tambayi malamin da ya karantar da shi.

Sannan ki dama fura ki kai wa Regina, ki ɗauki yaron. Ta ga kina gudunta, kuma ba ta san laifinta ba. Allah Ya tsare miki imaninki, Ya raya Markus.

Malama Taiba