Akwatin Kiɗan Auta Yana Ƙasan Adakata

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Admin ki ɓoye sunana. Ni ban yi boko ba, ban iya rubutu ba, murya na turo mata na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba mini sukari a magana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu ilimin kwamfuta a cikinku, don tambayar tasu ce. Masu wa'azi kuwa ku riƙe abinku, na girmi yawancinku.

Ni dattijuwa ce, 'ya'ya maza biyu suka rage mini a duniya. Bayan rasuwar mahaifinsu babban ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Kubwa, shi yana aiki a wata ministiri, ɗan fari ne ko a gida ba na faɗin sunansa balle a nan. Ƙaramin zan kira shi Auta. Ya yi digiri a kan kwamfuta, lokacin kuɗi na yawo a Abuja, duk inda ka duba gini ake yi, yayansa ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa gurbi a wata hukuma, sai yaron nan ya kalle mu ya ce shi ba ya so, kiɗa zai yi. Mahaifinsa limami ne, kakansa alƙali, tun da aka kafa gidanmu mu ake yi wa kiɗa a ƙofar gida mu ba da tukuici, ba a taɓa jin ɗanmu ya yi wa wani ba.

Kuma ba ganga ba ce a hannunsa da zan ɗauke in fasa. Wata tsohuwar laftof ce da ɗan allo mai maɓallai fari da baƙi, a ɗakinsa da ke can baya, daga ciki yake fito da kiɗan tallan rediyo, da na 'yan siyasa, da na biki. Na yi faɗa, na yi kuka, na ƙi cin abinci, sai ya zo ya tsuguna ya riƙe ƙafata yana dariya, ya ce Inna ai ba roƙo nake yi ba, sana'a ce, ko a jami'a ana koyar da ita. Auta ne, ya san ba na iya yi masa baki.

Mutane suna ɗauka wanda bai yi makaranta ba kurma ne. Ni kuwa a gindin tagarsa nake gyaran wake, duk abin da yake faɗa wa abokansa yana shiga kunnena. A nan na gane kowace kwamfuta tana da abin da ke tuƙa ta, na yawancin mutane Windos ne, nasa kuwa wani ne wai Linuks, kyauta ake samunsa, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gyara. A cikinsa kuma yana da wasu ƙananan abubuwa da yake kira fulogin, su ne masu ƙera sauti, wannan ya fito da sarewa, wancan kalangu, ba tare da an busa ko an kaɗa ba. Su ma kyauta ne, wasu mutane ne a ƙasashen waje suke yi a ɗakunansu su saka a intanet. Matsalarsa ita ce da yawansu ba don Linuks aka yi su ba. Wasu da ya sa sun zauna, wasu kuwa su yi ta gardama, sai ya gina musu wani abu da yake kira gada kafin su yarda su yi magana. Zai yi makonni a kan guda ɗaya, ranar da ya tashi sai ka ji ihu kamar an yi masa haihuwa. Na kuma ji da kunnena yana cewa waɗanda ya fi ji da su masu yin su sun daina, wani ya mutu, wani ya gaji ya rufe shafinsa, ko ka nema yanzu ba ka samu, nasa kawai ya rage masa. Na riƙe wannan maganar.

Wata rana ya shigo ɗakina da laftof ɗin yana rawar jiki, ya ce Inna saurari wannan, sarewar Fulanin garinmu ce sak, ni na ƙera ta da hannuna. Ba zan yi ƙarya ba ta yi kama. Na ce masa ya rage ƙara maƙwabta na ji.

Abin da ya kai ni bango a wani biki ne a Kuje. Muna zaune cikin manyan mata aka sa wata waƙa, sai wata ƙawar surukata ta miƙe ta ce jama'a kun san ɗan Mama ne ya yi kiɗan nan, ta taho tana rausaya ta manna mini kuɗi a goshi, wai uwar makaɗi ma tana da rabonta. Aka yi guɗa, aka yi dariya, wasu ma suka biyo bayanta. Ni matar liman, ina zaune da takardar kuɗi a goshi kamar zabiya. Na cire na ajiye a kan tabarma, amma tun a motar dawowa na san abin nan ya ƙare.

Ba a daɗe ba ya samu babban aiki, wani gidan rediyo ya ba shi kiɗan wasan kwaikwayonsu gaba ɗaya, ya yi nisa da shi, yana ta cewa idan ya miƙa zai kama shago a cikin gari ya buɗe situdiyo da sunansa. Sunansa kuwa har da na mahaifinsa a ciki, a rubuce a kan allo a bakin titi. Ana cikin haka ya tashi zuwa Uke bikin wani abokinsa, yana tsoron hanya, sai ya kawo mini jakar ya ce Inna ke kaɗai na yarda da ke, kada ki bari kowa ya taɓa, ko Yaya, don idan wani mai karambani ya sa mata Windos komai ya tafi. Ya nuna mini wani ɗan baƙin akwati kamar sabulu a aljihun jakar, ya ce wannan ita ce ajiyar ta biyu, duk abin da ke cikin laftof akwai shi a nan. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Washegari na cire akwatin na sa a ƙasan adakata, na ɗauki laftof na hau bas zuwa cikin gari inda masu gyara suke jere. Na zaɓi wani na ce ya share komai ya sa Windos. Ya kunna ya duba ya duba, ba Bahaushe ba ne, ya ce Mama wannan ba ta lalace ba o, mai shi ta san aiki, ki kira shi tukuna. Na ce ni na haifi mai shi, za ka yi ko in matsa gaba, ga 'yan uwanka nan suna kirana. Ya ce Mama idan na share ba dawowa. Na ce shi na zo nema. Na zauna a kan benci ina kallonsa har ya gama, na sa ya goge ta da tsumma ta yi ƙyalli.

Da Auta ya dawo na miƙa masa jakar da fara'a, na ce na kai maka gyara, kullum ina ganin allonka baƙi da ƙananan rubutu kamar tururuwa, yanzu ga shi ya zama irin na yayanka. Ya buɗe. Da ya ga Windos sai ya zazzage jakar a ƙasa yana lalube, ya ce Inna ina ƙaramin akwatin, na ce wane akwati, ni yadda ka ba ni haka na kai. A ranar ya ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ai na faɗa miki, na faɗa miki da bakina. Na sa mayafi a fuska. Yayansa ya fito ya kusa marinsa, ya ce tsohuwar da ba ta san alif na boko ba ina za ta san wani Linuks, alheri ta yi nufi, kai ne sakaran da ya bar mata. Surukata ma ta ce wallahi Mama tausayi ta ba ta. Duk gidan suka tsaya a bayana, don kowa ya yarda jahilci ne.

Shi ya ɗauka mai gyaran ne ya sace akwatin, sai ya roƙe ni in raka shi in nuna shagon. Na bi shi. Muka yi ta zagaye cikin rana, bene sama bene ƙasa, yana riƙe da hannuna a matakala yana cewa Inna yi a hankali, ki tuna, ko akwai wata alama. Mun wuce ta gaban mutumin, yana sunkuye yana kwance wata waya, na juya fuskata na ce duk shagunan kama suke mini. Da na ce ƙafata ta gaji ya saya mini ruwa mai sanyi muka koma gida.

Yayansa ya saya masa sabuwar laftof mai tsada, yana ganin magana ta ƙare. Auta ya cire Windos ya mayar da Linuks ɗinsa, ya samo wasu fulogin ɗin, amma waɗanda masu su suka daina bai same su ba, ya yi ta tambaya a zaurukansu na intanet, wanda ya samu kuma ya ƙi hawa sabuwar gadar, wanda ya hau sautinsa ya fito daban. Ina gindin taga ina ji yana gwada sarewar nan, tana fitowa kamar kukan kwaɗo, ya kashe ya sake, ya kashe ya sake. Mutanen rediyo suka gaji da jira suka ba wani aikin, suka kuma faɗa wa wasu cewa ba shi da alkawari. Ni dai abinci kawai nake aika masa, ya dawo yadda aka kai.

Yanzu yana aiki a hukumar nan. Da asuba yake bin layin bas da kaftani da hula, maƙwabta suna yi mini barka, wai Auta ya yi hankali. Ya rame, ba ya hira, yaron da ko a faranti sai ya kaɗa yatsu yanzu yana cin abinci kamar mai shan magani. Ni na ce rama ba ta kisa, kuma gara ramammen ma'aikaci da makaɗi mai ƙiba. Gidan ya yi shiru, ban ce ina kewar hayaniyar ba, na dai lura. Da ya karɓi albashin farko ya kawo mini atamfa, ya tsuguna, yayansa na zaune, ya ce Inna ki yafe mini tsawar da na yi miki, na san ba ki sani ba, abin yana damuna. Na dafa kansa na ce na yafe, Allah ya yi maka albarka, gaba ka riƙa tauna magana kafin ka faɗa wa uwarka.

To ga inda nake neman ku. Babban ya gama gininsa a cikin gari, za mu tashi daga Kubwa, surukata ta ce ita za ta kwashe mini kaya don kada in wahala, kuma na san ta, sai ta zazzage adakar nan har ƙasa ta ninke komai. Idan ta ga akwatin ta san na waye, don ta ga hoton akwatin da Auta ya yi ta nuna wa mutane yana cigiya. Ba ni da inda zan kai shi, ban yarda da kowa ba. Na yi tunanin jefa shi a masai, sai na tuna na taɓa ji yana cewa akwai masu ciro abu ko daga wanda ya faɗa ruwa, kuma ban san ko tsoratarwa ba ce.

Sai kuma wani tunani ya zo mini. Na ji shi yana faɗa wa abokinsa a waya cewa Linuks ɗin ya canza, gadar da ya gina a da ba lallai ta yi aiki a na yanzu ba, tsofaffin fulogin suna mutuwa da kansu idan aka bar su a baya. To ku masu ilimin abin ku faɗa mini gaskiya tsakaninku da Allah, waɗanda ke cikin akwatin nan idan ya haɗa da sabuwar laftof za su tashi ko ba za su tashi ba? Idan kun tabbatar mini sun mutu, sai in fito da shi ranar tashi in ce ga abin nan ashe ya faɗa cikin zannuwana, ya yi murna ya yi mini godiya, ya je ya gwada ya ga da idonsa babu, ya huta da nema. Idan kuwa akwai ko ɗaya da zai yi motsi, to ku gaya mini tsakanin wuta da turmi wanne ya fi gamawa da shi, wanda ba zai bar wari ko ɓaraguzan da za a tambaye ni ba. Kada wanda ya ce mini in faɗa masa gaskiya, na riga na yafe masa a gaban yayansa, ba zan koma in tsuguna wa ɗan da na haifa ba. Admin za ta karanta mini amsoshinku, ku hanzarta don an fara ɗaure kaya.