Barcin Suwaiba

Doguwa, 1954

Zuwa ga Balarabe, ƙanin matata, malamin asibitin Tudun Wada. Gaisuwa mai yawa. Bayan haka, ku zo ku ɗauki yayarku Suwaiba, na gaji. Mace ta kama barci da lomar tuwo a hannu, in an tashe ta sai zagi. Har tsohuwata ba ta bari ba. Lalaci ne, kuma na san gidan da aka gado shi. Ka huta lafiya.

Shitu

Tudun Wada

Zuwa ga Malam Shitu. Na amsa gaisuwa. Lalaci ka ce? Bara da muka zo garinku duba ciwon barci, kowa ya fito muka taɓa wuyansa, ko akwai kaluluwa. Aka ce mana Suwaiba ta tafi unguwa. Yanzu Innarmu ta faɗa mini a rumbu ka ɓoye ta, wai kada wani ƙato ya taɓa wuyan matarka. Sannu, sarkin kishi.

Ƙudan tsando ne ya cije ta a rafi. Ƙwayar cutar da ya zuba mata ina ganin irinta kullum a madubin likita, tana wutsil-wutsil kamar tana. Bara tana cikin jini, da allura ta kashe ta. Yanzu ta haura ƙwaƙwalwa. Ƙananan jijiyoyin wurin sun kumbura, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun yi cincirindo a kansu, naman yana lalacewa kaɗan-kaɗan. Barcin da zagin duk daga nan ne, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ka ɗora ta a jaki gobe, ka kawo ta asibiti. Wassalam.

Balarabe

Doguwa

Zuwa ga Balarabe. Gaisuwa. Na ji karatunka, likita bokan Turai. Yaro jiya-jiya ya leƙa gilashi, wai ya ga cikin kan mutum! An ce kwantar da mace kuke yi, ku yaye mata baya ku soka allura a ƙashi. Ba dai matata ba. Malam yana ba ta rubutu, jakin kuma yana jidar dawa. In an gama kaka sai mu gani. Ka gai da Turawanka.

Shitu

Tudun Wada

Malam Shitu. Gaisuwa, don haka aka saba. Ka dawo daga gona ba ka same ta ba, ni na ɗauko ta, da ita da 'yarku Asabe. An yi allurar. Likita ya ce za ta rayu, amma an makara. Jiya ta farka ta daɗe tana kallon Asabe, sannan ta tambaye ni 'yar wane gida ce wannan. Yarinyar ta ce in rubuta maka. Ga shi na rubuta.

Balarabe