Jagoda Ta Koma Ƙarƙashin Sunana

Chełm, 24 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Danuta,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki Wiesław, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya kuma sassauta muku sanyin Kanada da kike cewa ya fi namu, ko da yake ban yarda ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana nan da halinta, amma na haƙe dankalina kafin ƙasa ta daskare. Gwaggonki Genowefa ta cika ganga da kabeji mai tsami kamar za ta ciyar da bataliya, alhali mu biyu ne masu ci.

To, ki zauna kafin ki karanta sauran, kuma kada ki ɗaga waya ki yi wa 'yarki Jagoda faɗa, na riga na yi miki shi. Ranar tunawa da matattu Jagoda ta zo muka kai kyandir kabarin mahaifiyarki. Da muka zauna cin abinci sai na ga da hagu take riƙe cokali. Ta ce wai ba komai, daga keke ta faɗi. Na sa ta naɗe hannun riga. Danuta, wuyan hannun nan ya kumbura suntum, ta ɗaure shi da kanta, kwana goma sha ɗaya ke nan. Hannun dama fa, na yarinyar da ba ta da zance sai na zama likitar tiyata.

Da ƙyar na ciro gaskiya daga bakinta. Ashe ta je asibiti, aka buga lambarta a kwamfuta, sai ja ya fito maimakon kore, wato ba ta da inshorar lafiya. Ita ɗalibar likitanci da ke yawo da farar riga a ɗakunan marasa lafiya, kunya ta kama ta, ta juya ta fita. Tun ranar da kika ajiye aiki sunanta ya fita tare da naki, don a ƙarƙashin inshorarki take. Ke kina zaton makaranta ta yi mata inshora, ita tana zaton tana nan a takardarki, ni kuwa ko a mafarki abin bai zo mini ba. A ofishin ɗalibai sun ce mata tunda ba ta kai ashirin da shida ba, sai ta fara duba ko akwai wanda zai ɗauke ta a dangi. Ta ƙi gaya muku don kada hankalinku ya tashi. Na ce mata ashe shekara biyar ana koya mata sunayen ƙasusuwa, ba a koya mata buɗe baki ba. Ta ce wai ni da nake ɗaure gwiwa da ganyen kabeji ba ni da bakin magana.

Da aka buɗe ofisoshi na sa kwat ɗina na zuwa coci, muka tafi ofishin fansho. Matar da ke wurin ta ce ai kaka yana iya sa jika a ƙarƙashin inshorarsa, muddin iyayen ba su da ita a ƙasar nan. Shekara arba'in ina aikin jirgin ƙasa, ban taɓa jin haka ba. Ta miƙo takarda, ta nuna mini inda zan rubuta cewa uwa da uba ba sa zaune a nan, ba sa aiki a nan.

Nan fa alƙalami ya yi mini nauyi. Ba ki sani ba, amma tun da kuka tafi, duk wanda ya tambaye ni a bakin coci sai in ce ɗan aiki kuka je yi, kafin bikin Ista kuna gida. Ista biyu ta wuce ina faɗin haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗaga kai na ga yarinyar tsaye, ta tallafe hannu a ƙirji. Sai na rubuta, na sa hannu.

Cikin mako guda kwamfutar ta koma kore. Hoton asibiti ya nuna wani ƙaramin ƙashi ne ya tsage, aka sa mata filastar ɗaurin karaya ta mako takwas. Likitan ya ce ta yi sa'a, da ta ƙara jinkiri sai an yi aiki, kuma ba lallai hannun ya koma daidai ba. Yanzu duk Asabar tana nan, ina yanka mata burodi tana yi mini lacca a kan yawan cin gishiri. Gidan ya daɗe bai yi daɗi haka ba.

Jiya bayan coci Kazimierz mai gyaran agogo ya sake tambayata yaushe za ku dawo. Na ce masa 'yata a Kanada take zaune, jikata kuma tana wajena har ta gama karatu. Ku yi aikinku da kwanciyar hankali, ni ma na daina yi miki wannan tambayar.

Ki gaida Wiesław da ƙanwarsa Lucyna da yaranta. Gwaggonki da Jagoda suna gaishe ku. Allah ya tsare mini ku.

Mahaifinki mai kewarki,
Bogumił