Kada Ku Bari Babanku Ya Rufe Ogan

Ni Otilie, matar Alois Brazda, ina rubuta wannan da hankalina daram, ko da yake tarin nan ya cinye mini ƙarfi. Zdenka, ke ce babba, ki karanta wa Hynek, ki adana wa Blazena har ta iya karatu.

Babanku ya rantse cewa ranar da aka binne ni zai rufe ogan, babban abin kiɗan nan na coci, ya daina tsara kiɗa, ya rarraba ku gidajen dangi. Mutumin da ake kaɗa waƙoƙinsa har birnin Prag. Abin da ke hana ni kwanciyar rai ke nan.

Na ɗaya. Littattafaina na soyayya naki ne, Zdenka, ban da masu jan bango, waɗanda na aro wurin matar mai kantin magani. Ki mayar mata. A cikinsu matan aure kan mutu da fure a hannu, fuska fes. Na daɗe ina sha'awar hakan. Ashe ba haka abin yake ba, kada ki yarda da su duka.

Na biyu. Ƙaramin gogen na Hynek ne. Mayafina mai shuɗi na Blazena, ko za ta san ƙamshina.

Na uku. Baffanku Vendelin, mai kiɗan biki, ya daina shigowa gidanmu tun da ya ce babanku ya sace masa waƙa ya kai birni. Babanku na ce masa makaɗin mashaya, shi kuma yana ce wa babanku ɓarawo mai farar riga. Waƙar ba ta ɗayansu ba ce. Kakarku ke rera ta in tana kwaɓa burodi, na ji da kunnena. Ku gayyato shi jana'izata, ku zaunar da shi da babanku a benci ɗaya.

Na huɗu. Ogan ba ya magana sai wani yana taka masa zuga-zugi daga baya. Tun ina amarya ni ke takawa, littafi a hannuna. In labari ya yi daɗi sai ƙafata ta tsaya, sautin ya mutu, babanku ya leƙo ya ce, "Gimbiya, an sace amaryar littafin ne kuma?" Duk waƙar da ya tsara, da iskar ƙafata ya fara jin ta, lokacin sanyi, hannuwanmu na ƙamshin tuffa gasasshe.

Kada ku roƙe shi, roƙo yana ƙara masa taurin kai. Ranar Asabar ku ja shi coci, ke da Hynek ku hau katakon zuga-zugin tare, don nauyin ɗayanku ba zai isa ba. Ku yi ta takawa. Babanku bai taɓa jin iska na fita a banza ya kasa zama ya kaɗa ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku ƙarƙashin rufi ɗaya. In ya zauna ya kaɗa, ba zai raba ku ba, domin ba shi da masu taka masa sai ku.