Aljanin Indiya da Diddigen Rabe

Funtuwa, 3 ga Maris, 1975

Ƙanena Malam Rufa'i,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni dai hankalina a tashe yake. An ce tun da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka cika gari ɗana Rabe ya shiga caca, har matarsa Saudatu ta yi yaji. Iyayenta sun ce ko ya bar karta ko ya kawo takardar saki. A hannunka na bar shi. Ka nemo masa rubutun sha, ba dogon Turancinka ba.

Yayarka,
Kande

Tudun Wada, Gombe, 20 ga Afrilu

Yaya Kande,

Ina gaisuwa da ladabi. Na yi wa ɗanki wa'azi har maƙogwarona ya bushe. Ya saurara kansa a sunkuye, ya koma tasha ya raba karta.

Wanda ya yi aikin shi ne Mista Menon, Ba'indiyen da ke koyar da lissafi a makarantarmu, wanda Rabe ke kaiwa kasuwa a tasi. A hanya ya ba shi labarin Kali, aljanin lalacewar zamani a addininsu, mai zama a gidan caca, gidan giya, mahauta da cikin zinariya. Wai ya daɗe yana fakon wani sarki adali bai samu ƙofa ba, sai ranar da sarkin ya tashi ibada bai wanke ƙafa ba. Nan ya shige shi, ya sa shi caca har ya rasa mulki da mata.

Rabe ya taka birki ya ce, "Mista, ta ƙafa?"

Kin san alwalarsa ta da, kamar ruwan zai cije shi. Yanzu buta biyu yake ƙararwa, yana dirzar diddige da dutse. Kafin ya gama, 'yan karta sun cike tabarma, ladan Ɗantala kuma ya ja shi sahun gaba.

Na ce masa aljanin Indiya ba shi da fasfon zuwa Gombe. Ya ce, "Kawu, ai Mista ma ya zo."

Ƙanenki,
Rufa'i

Funtuwa, 2 ga Mayu

Rufa'i,

Alhamdu lillahi. Ka rufe min bakinka da zancen fasfo, ka bar yaro ya dirza. Ga dambun naman rago nan a kwano, da hannuna na yi. Ka kai wa Mistan, ka ce uwar Rabe na godiya. Kada ka taɓa, na san halinka.

Kande

Gombe, 16 ga Mayu

Yaya,

Barka da war haka. Mista ya haɗa tafin hannu biyu ya yi godiya, har idonsa ya kawo ruwa. Sai dai tun da aka haife shi bai taɓa cin nama ba, kin kuma manta mahauta na cikin gidajen aljanin. Dole na sadaukar da kaina na cinye. Allah ya saka miki.

Saudatu ta dawo ranar Juma'a. Kukanta ɗaya: randarta ta daina kwana da ruwa.

Ki huta lafiya,
Rufa'i