Har Kujera Ta Riga Ni Zuwa

Alhamis, 26 ga Yuni

Philadelphia za su tafi. Ƙanena Brody da budurwarsa Tessa. Can za su yi bikin ranar 'yanci, a garin da aka sa hannu a takardar 'yancin ƙasar. Brody fa! Yaron da ɗazu yake tambayata wai Philadelphia gari ne ko jiha.

Ni na ba Tessa labarin garin nan. Bara, lokacin tana aiki a laburaren gari, ni ne nake tsayawa gaban teburinta kamar an dasa ni, ina zuba mata labarin tsohuwar ƙararrawar 'yancin nan mai tsaga da zauren jan bulon da aka sa hannun a ciki. Ta ce, "Mitch, in kana ba da labari sai a rantse ka taɓa zuwa." Ina na je? Ko iyakar jiharmu Wisconsin ban taɓa ƙetarewa ba. Ran nan Brody ya zo ɗaukata a mota, ya gan ta, ya yi mata murmushin nan nasa na mara tunani. Magana ta ƙare. Ni na karanta littattafan, shi ya samu yarinyar, yanzu kuma har garin zai haɗa.

Baba yakan ce, "Wata shekara ni da kai, Mitch, sai mun ga ƙararrawar nan da idonmu." Wata shekarar ba ta same shi da rai ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Gidan man da nake aiki ya cika maƙil. Kowace mota da tuta a jiki, da yara suna ihu a baya. Wannan zai je ganin dutsen nan na Dakota mai fuskokin shugabanni, wancan Boston, wancan bakin teku. Ni kuwa ina bayan kanta ina miƙa musu ƙanƙara.

Wani da rana ta ƙona wa wuya ya ce, "Kai fa samari, ina za ka yi hutun?"

Na ce, "Tsakanin famfon mai da banɗaki, ranka ya daɗe. Wuri ne mai tarihi."

Manaja ya ji. Wai in rage baki.

Lahadi, 29 ga Yuni

An fara jera kujeru a bakin babban titi. Fareti sai Juma'a, amma kowane gida ya fito da kujerunsa masu naɗewa ya ɗaure da igiya ya kama wuri. Haka za su kwana su wuni, ba mai taɓa na wani. Nan garin gara ka ɗauki motar mutum da ka matsar masa da kujerar fareti.

Na kai namu gindin bishiyar da ke gaban kantin ƙarafa, inda muke zama tun kafin a haife ni. Kowace da sunan mai ita a baya, da farin fenti, rubutun Baba. A gidanmu sai ka samu kujera a layin nan ake cewa ka zama ɗan gida. Koriyar ta Baba ce. Tun da ya rasu Mama ke sa a jera ta a tsakiya, ba mai zama.

Gwaggo Lorraine, yayar Mama, ta same ni ina ɗauri. Wai, "Kai kuma wa ya mutu? Fuska kamar madarar da ta kwana a rana." Na ce zafi ne.

Litinin, 30 ga Yuni

Brody ya nuna mini zobe. A gareji, ya rufe ƙofa kamar mai sayar da kayan sata.

"Yaya, a can zan tambaye ta ko za ta aure ni. Bayan fareti."

Na ce Allah ya sanya alheri, da muryar da nake cewa mutane banɗaki ya lalace.

Bai tsaya nan ba. Wai kujerar Baba zai tafi da ita. Wai yana so Baba ya kasance a wurin. Kuma Mama ta yarda! Ya riga ya je ya kwanto ta daga layi, ita da tasa. Na ce ai ni Baba ya yi wa alkawarin garin nan, ba shi ba. Ya ce, "Haba Farfesa, kai ai ka riga ka je a littafi." Yana dariya. Har ransa yana ganin wasa ya yi.

Sai ya faɗi shirinsa. Za su isa, ran Alhamis da yamma ya nemi wuri mai kyau a hanyar faretin, ya jera kujerun biyu, ya ɗaure da igiya, su tafi masauki su yi barci. Da safe su zo su zauna abinsu.

A Philadelphia. Birnin da mutanen unguwa ɗaya sun ninka garinmu. Ya ɗauka can ma kowa ya san rubutun Baba, kowa yana tsoron bakin Gwaggo Lorraine.

Na buɗe baki. Na rufe. Abin da ya fito kawai, "Ka ƙulla igiyar da kyau."

Talata, 1 ga Yuli

Sun tafi. Tessa ta rungume ni ta ce da ba don ni ba da ba ta san inda za ta so zuwa ba. Madalla da ni.

Laraba, 2 ga Yuli

Hotuna sun fara shigowa waya. Ga su gaban ƙararrawa, Brody ya karkata kai yana gwalo. A ƙasa ya rubuta, "Ashe ma ba ta da wani girma, kuma a fashe take."

A fashe take! Sai yau ya sani. Na kifa wayar na koma shara.

Alhamis, 3 ga Yuli

Hoto ɗaya yau. Kujeru biyu a bakin wani ƙaton titi, ɗaure jikin turken fitila. Koriyar Baba da shuɗiyar Brody. Bayansu dogayen gine-gine da ƙafafun mutane ba iyaka. "Mun kama wuri, Yaya!"

Na rubuta masa, "Kai wawa, koma ka kwashe su." Na tsaya ina kallon rubutun. Sai na tuna gwalon jiya. Na goge.

Wataƙila ma ba abin da zai same su. Ni ban taɓa zuwa ba, me na sani?

Juma'a, 4 ga Yuli

Brody ya kira da safe, ina cikin ɗaura wa Mama laima a kujerarta.

Kujerun babu su. Ko igiyar babu. Ya tambayi masu shara, ya tambayi ɗan sanda, ya tambayi mai sayar da burodi. Ɗan sandan ya dube shi ya ce, "Ɗana, daga ina kake?" Ba wanda ya san ko kwashewa aka yi da shara ko wani ya yi gaba da su.

Kuka yake yi. Rabon da in ji kukan Brody tun ranar jana'iza. "Yaya, na ɓatar da Baba. Ka faɗa wa Mama, ni ba zan iya ba. Don Allah, Yaya."

Kwana nawa ina jiran wannan kiran, har na tanadi maganganu masu zafi na jera su. Ko ɗaya ban samu ba. Cewa na yi ya share hanci, ya je ya yi abin da ya kai shi, yarinya na jiransa.

Na faɗa wa Mama daidai lokacin da motar kashe gobara ke wucewa ana watso wa yara alewa. Ta dubi gurbin da ke tsakiyar layinmu, ta daɗe. Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, Gwaggo Lorraine ta miƙa mata hankici.

Ta ce, "Shekara da shekaru mutumin nan yana cewa zai je. To ga shi ya je, ya ƙi dawowa."

Har kujera ta riga ni zuwa Philadelphia.

Da tsofaffin sojoji suka zo wucewa kowa ya miƙe. Muna tsaye, ba tare da ta dube ni ba, Mama ta ce, "Kai da ka karance garin nan kaf, ba ka san ba a barin kaya a titinsu ba?"

Na ce ganguna sun hana ni ji. Ba ta maimaita ba. Da ma ta maimaita.

Da yamma an yi wasan wuta a bakin tafki. Ban je ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Tessa ta yarda za ta aure shi. A tsaye suka kalli faretin, bayan wani dogon mutum, kusan ba su ga komai ba. Ya durƙusa a kan siminti tsakanin kofunan da aka zubar. Tessa ta ce hancinsa ja, idonsa a kumbure, ba ta taɓa ganinsa da kyau haka ba.

Mata dai.

Litinin, 7 ga Yuli

Sun dawo. Brody ya kasa haɗa ido da Mama, sai bin ta yake da wanke-wanke. Ni kuma ya kawo mini 'yar ƙararrawa ta roba, irin ta masu yawon buɗe ido, har da tsagar. Ya ce, "Da kai ne ka je da ba ka yi wautar nan ba. Baɗi tare za mu, kai za ka riƙa yi mana bayani."

Na ce ba na son tsarabar yara. Tana kan taga. Ba wani wurin ajiyewa ne.

Alhamis, 10 ga Yuli

Jiya na je gareji neman abin ɗaure tiyo, na ci karo da gwangwanin farin fentin Baba. Bai bushe ba. Akwai tsofaffin kujeru biyu a rataye da ba na kowa ba, na sauke su don kawai suna tare hanya.

Na ɗauki fentin na rubuta suna a bayan kowace. Ta Tessa ta fito daidai, harafi bayan harafi, kusan irin hannun Baba. Ta Brody na rubuta ta a karkace da gangan, ya je ya zauna a kan abin da ya dace da shi.

Yau da safe kafin in tafi aiki na kankare na sake rubutawa. Ba don shi ba. Fentin ne ya rage, kuma Baba ba ya son a bar fenti ya lalace.